Ko Lokaci Ya Yi Da Za Mu Cire Kontak Daga Tsohuwar A-kori-kura?

'Yan'uwa manoma, akwai ƙungiyoyin da har yanzu suke riƙe da tsohuwar mota, ba su kuwa da niyyar rabuwa da ita. Yawanci Peugeot ce, 404 ko 504. Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, shi ya sa suka bazu ko'ina, makanikai kuma suka san cikinsu kamar yunwar cikinsu. Ita ke kai taki gona, ita ke kai tumatir kasuwa. In naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, ita ake tasa. To, ran da ta ƙi tashi da asuba, ga kwandunan tumatir an ɗora, sau da yawa laifin na wani ɗan ƙarfe ne wanda bai kai ɗan yatsa ba. Shi ne makanikai suke kira kontak.

Bari mu ga aikinsa tukuna. Injin fetur ba ya tashi sai tartsatsin wuta ya fita a bakin filogi. Wutar batir bolt 12 ce kawai, ba ta isa ba. Koyil ne yake ɗaga ta zuwa dubban bolt, amma ba ya yin haka sai an katse wutar da ke shiga cikinsa farat ɗaya. Kontak shi ne mai katsewar. Yana cikin distiributa, baki biyu ne na ƙarfe, sandar da ke juyawa a tsakiya tana buɗe su tana rufewa. A injin mai silinda 4, in yana juyi 3,000 a minti, bakin nan yana buɗewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Ku duba wannan wahala! Kowace buɗewa tana ɗan ƙona bakin, ko da yake an sa kwandansa domin ta rage ƙunar. Ɗan dunduniyar da ke gogar sandar kuma yana cinyewa, balle in ƙurar hunturu ta gauraya da giris. Tazarar bakin ya kamata ta zama wajen milimita 0.4. Da dunduniyar ta cinye sai tazarar ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare. Daga nan mota ta fara wuyar tashi, ta rasa ƙarfi a hawa, ta yi ta shan mai.

Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai. Wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya tsara ta, aka sa ta a motar Cadillac a 1910. Ta yi aiki fiye da shekara 60 kafin manyan kamfanonin Amurka su bar ta: Chrysler a 1973, General Motors a 1975.

Abin da ya maye gurbinta ba shi da bakin da ke haɗuwa. Irin wanda aka fi sa wa tsofaffin motoci kashi biyu ne: zobe mai maganaɗisu 4 wanda ake zurawa a sandar distiributa ƙarƙashin rota, da ɗan akwati wanda ake ɗaurawa a gurbin kontak. Duk sa'ad da maganaɗisu ya gifta, akwatin ya ji, sai ya katse wutar koyil. Ba abin da ke gogar wani, saboda haka ba abin da ke cinyewa. Kamfanin Pertronix na Amurka yana yin irin wannan. Akwai kuma na Lumenition na Ingila wanda ke aiki da haske, wata 'yar farfela tana tare hasken tana sakewa. Ni dai a hanyoyinmu na ƙura na fi amincewa da mai maganaɗisu, gama ƙura ba ta rufe masa ido.

Kada mai sayarwa ya ruɗe ku da cewa mota za ta ƙara gudu. Kontak sabo wanda aka saita daidai yana ba da wuta mai kyau. Ribar sabon abin ita ce, saitin da aka yi yau shi za a tarar baɗi. Man da kuka daina asararsa shi ne wanda dā kuke ƙonawa a banza tsakanin gyara da gyara.

Kafin ma'aji ya fitar da kuɗi, sai a buɗe murfin distiributa a kama sandar a girgiza. In tana lilo sosai, buhun maganaɗisu ma ba zai warkar da ita ba, sai an gyara ta ko an sake wata. A duba 'yan ƙarafan da ke ƙasa, waɗanda suke gaggauta wuta sa'ad da inji ya ƙara juyi, ko sun cije da tsatsa. Su suna nan, sabon akwatin bai ɗauke musu aiki ba. Sa'an nan a karanta suna da lambar da ke jikin distiributa, domin Peugeot ba iri ɗaya ta yi ta sawa ba, akwai Ducellier, akwai Paris-Rhône. Da lambar ake saye, ba da sunan mota kaɗai ba. Masu tsohuwar Land Rover kuma su lura: waɗansu na kafin 1967 kan batir mai alamar + ne yake haɗe da jikin mota, nasu akwatin dabam ne.

Ɗaurawar ba ta cin wuni. A cire kan batir. A kwance kontak da kwandansa, a ɗaura akwatin, a zura zoben, a mayar da rota. Waya biyu ce: ja ta tafi gefen + na koyil, baƙa ta tafi gefen −. In aka juya su, akwatin yana iya mutuwa nan take, kuɗin ƙungiya ya tafi ke nan. A auna koyil da mita kuma. Irin akwatin nan na farko yana son koyil na wajen om 3 a injin mai silinda 4. Koyil mai ƙarancin om yana jan wuta da yawa ya gasa shi. Bayan haka dole a sake saita taimin, da fitilar taimin, ba da kunne ba.

Yanzu ga inda ya kamata kwamiti ya zauna ya yi shawara. Kontak yana ciwo kafin ya mutu. Yana ba da sanarwa mako da makonni, in kuwa ya tsaya a daji, direba mai hankali zai goge bakin da 'yar takardar yashi, ya buɗa tazarar da sukuddireba, ya iso gida. Akwatin ba haka yake ba. Yana iya shekaru ba ko tari, amma ran da ya mutu, ya mutu ke nan, ba kuwa wanda zai buɗe shi ya gyara. Yawancin abin da ke kashe shi kuma halinmu ne. Direba ya bar makulli a kunne inji ba ya aiki, yana jin rediyo a bakin kasuwa: akwatin da koyil suna ta zafi. Bakanike ya cire kan batir inji yana aiki, wai yana gwada caji. Mai walda ya kama aiki a bodi bai cire batir ba. Ko a zo tayar da mota da batirin wata a juya wayoyi cikin duhu. Kontak yakan jure yawancin wannan, akwatin ba ya jurewa.

A ganina, ƙungiyar da motarta ke aiki kullum, direbanta ɗaya ne mai jin magana, bakanike kuma yana nesa, ta sa akwatin. Wadda motarta ke hannun kowa, yau wannan gobe wancan, gara ta zauna da kontak, ta sayi biyu ta ajiye, a riƙa duba tazarar kafin damina da kafin kaka. (Masu tarakta da injin niƙa na dizal, wannan magana ba ta shafe ku ba, gama dizal ba ya amfani da filogi.)

In kun sa akwatin, kada a bar wa yaran gareji tsohon kontak. A haɗa shi da kwandansa da sukurorinsa da 'yar wayarsa a gwangwanin madara, a rufe, a sa a aljihun mota. Kafin a kwance shi ma a yi alama da fenti a gindin distiributa, inda ta zauna dā. Sa'an nan a sa direba ya mayar da kontak ɗin da hannunsa sau ɗaya a gida, da rana, bakanike yana tsaye yana kallo.