Camden Yards: filin wasan da tsoro ya gina a birnin Baltimore

A cikin watan Maris na shekarar 1984, da tsakar dare, manyan motoci suka kwashe kayan Colts, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, daga birnin Baltimore zuwa Indianapolis. Gari ya waye, ba ƙungiya. Wadda ta rage ita ce Orioles ta wasan besbol, wato wasan da ake jefo ƙaramar ƙwallo a doke ta da kulki. Hukumomin jihar Maryland suka ji tsoron kada ita ma ta tashi, saboda haka suka ɗauki nauyin gina mata sabon fili, da kuɗin da akasarinsu suka fito daga cacar gwamnati.

An buɗe filin Camden Yards ran 6 ga Afirilu 1992. A zamanin nan an saba gina filayen wasa da kankare, kewayayyu, da yawansu nesa da tsakiyar gari. Wannan kuwa a tsakiyar birni aka kafa shi, da jan tubali da ƙarfe, kamar ginin kakanni. Akwai wata tsohuwar mangaza ta kamfanin jirgin ƙasa a wurin, tsawonta ya kai mita 340. Maimakon a rushe ta, sai aka bar ta tana tsaye a bayan filin. Wannan shawara ita ce ta fi kome yin kyau a cikin aikin. Ga shi kuma kusa da nan ne aka haifi shahararren ɗan wasa Babe Ruth a 1895.

Jama'a suka yi na'am. A shekarar farko ƴan kallo sun haura miliyan uku da rabi, birane da dama kuma suka kwaikwayi fasalin. Ran 6 ga Satumba 1995, Cal Ripken ya buga wasansa na 2,131 a jere ba fashi, aka rataya lambar a bangon mangazar, mutane suka yi minti 22 a tsaye suna tafi.

Amma kyan gini bai hana kujeru zama wayam ba. A 2018 Orioles ta sha kaye sau 115, ƴan kallo ba su kai rabin na 1992 ba. Kafin haka, ran 29 ga Afirilu 2015, saboda tarzomar da ta biyo bayan rasuwar Freddie Gray, wanda ya ji rauni a hannun ƴan sanda, an buga wasa ƙofofi a rufe. Wasu magoya baya suka tsaya a waje, suna leƙe ta tsakanin ƙarafan shinge.