Abin da ya sa ba a barin baƙi su sauka daga bas a Duwatsun Wuta na Lanzarote

Duk wanda ya sayi tikitin shiga gandun Timanfaya da ke tsibirin Lanzarote, umarnin farko da za a ba shi shi ne ya ajiye motarsa ya hau bas. Bas ɗin za ta zaga da shi tsawon kilomita 14 a tsakanin bakunan duwatsu masu aman wuta, ta dawo da shi inda ta ɗauke shi cikin kimanin minti 40, ba tare da an bar shi ya taka ƙasa ba. Baƙi da dama kan ɗauki wannan a matsayin takura, amma kan wannan doka ce arziƙin wurin ya dogara.

Lanzarote ɗaya ne daga cikin tsibiran Kanari, mallakar ƙasar Sifaniya, ko da yake ya fi kusa da Afirka, domin kimanin kilomita 125 ne tsakaninsa da gaɓar Maroko. Har ƙurar Sahara takan kai can ta rufe sararin sama kamar hazo, mutanen wurin suna kiranta "kalima".

Yadda ƙasar ta ƙone

A ranar 1 ga Satumban 1730 ƙasa ta tsage a kusa da garin Yaiza, ta fara fitar da wuta da narkakken dutse. Limamin cocin garin, Andrés Lorenzo Curbelo, ya rubuta abin da ya gani da idonsa, kuma bayaninsa na cikin abin da masana ke dogaro da shi har yau. Aman bai tsaya ba sai a 1736. Kafin nan ya binne ƙauyuka da gonakin hatsi, ya rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin, ya kuma tilasta wa jama'a da yawa yin ƙaura. An sake wani aman a 1824, wanda shi ne na ƙarshe zuwa yanzu.

A wasu ƙasashe ruwan sama da ciyayi kan shafe irin wannan tabo cikin 'yan shekaru. Lanzarote kuwa ruwan da yake samu a shekara bai kai milimita 200 ba, shi ya sa baƙin dutsen da jar tokar suke nan kusan yadda wutar ta bar su. Abin da ya fara tsirowa a kai shi ne wani nau'in gansakuka mai manne wa dutse, wanda girmansa ke da matuƙar jinkiri. Sawun takalmi ɗaya a kan tokar yakan daɗe bai goge ba. Tsibirin da mazaunansa ba su kai dubu 200 ba yana karɓar baƙi wajen miliyan 3 a shekara. Da an bar kowa ya yi yawo da ƙafa, da tuni an tattake abin da ake zuwa kallo.

Yadda zagayen yake

Gwamnati ta keɓe wurin a matsayin gandun ƙasa a 1974, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 51. Siririyar hanyar da bas ke bi aikin Jesús Soto ce, abokin aikin fitaccen mai zanen tsibirin, César Manrique. An shimfiɗa ta ne bisa yanayin ƙasar, tana hawa tana gangara a gefen ramuka masu zurfi, abin da ke buƙatar ƙwararren direba. Yakan tsaya a wasu wurare domin fasinjoji su ɗauki hoto ta gilashi, yayin da ake sauraron bayani da aka naɗa cikin Sifaniyanci da Ingilishi da Jamusanci.

A tashar da bas ke tashi, wato Islote de Hilario, ake nuna wa baƙi cewa wutar ba ta mutu ba. Ma'aikaci kan jefa busassun ƙirare cikin rami, nan da nan su kama da wuta. Sai ya zuba bokitin ruwa cikin bututun da aka kafa a ƙasa, bayan daƙiƙu kaɗan ruwan ya yi tsartuwa sama da ƙara, ya zama tururi. A zurfin mita 13 zafin yakan kai kimanin digiri 600. A gidan abinci na El Diablo da ke wurin, da zafin da ke fitowa daga ƙasa ake gasa nama, ba gawayi ba gas.

Wanda ya matsu sai ya taka da ƙafarsa, akwai 'yan hanyoyi da ake bi tare da ɗan jagora, amma mutane ƙalilan ake ɗauka, kuma sai an yi rajista tun da wuri. Akwai kuma hawan raƙumi a gefen gandun. Daga Afirka aka kawo kakannin waɗannan raƙuma, kuma noma da dako suke yi kafin zuwan 'yan yawon buɗe ido.

Ribar da ke cikin takurar

Mutanen Lanzarote sun saba cin moriyar abin da ya cuce su. A yankin La Geria, inda motocin kamfanonin yawo kan ya da zango, manoma suna haƙa rami a cikin tokar su dasa inabi, su kewaye shi da guntun bangon dutse saboda iska. Tokar tana riƙe raɓar dare ta shayar da shukar.

Sai dai yawan baƙi ya fara zama abin damuwa. A watan Afrilun 2024 dubban mazauna tsibiran Kanari sun yi zanga-zanga kan tsadar gidaje da matsin da harkar ke jawo wa ruwa da muhalli, suna neman a ƙayyade adadin masu zuwa. A Timanfaya ma, lokacin hutu layin motoci kan yi tsawo a bakin ƙofa.

Mai niyyar zuwa daga Najeriya yana buƙatar bizar Shengen, kamar mai zuwa Madrid. Zai fi masa sauƙi ya isa da sassafe, ya riƙe rigar sanyi saboda iska, ya kuma nemi kujerar da ke kusa da taga.