Awon Da Ake Mantawa Da Shi A Saman Ƙofar Gareji

A Madaci da sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, manomin da Allah ya buɗa masa ya sayi a-kori-kura, abin da ke biyo baya shi ne neman wurin da za ta kwana. Sai a kira magini, a auna faɗin mota, a fasa katanga. Ba kasafai ake ɗaga kai a dubi sama ba, alhali can ne asarar take ɓuya, domin linta idan ta bushe ba ta gyaruwa sai da guduma.

Ginin gargajiya bai san wannan matsala ba. Azarar giginya da ake ɗorawa a kan ƙofar zaure ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kimanin mita 1.8 sai da dabarar tallafi, kuma ƙyauren gefe yake buɗewa, ba ya bukatar komai a sama. Ƙofar da ake turawa sama baƙuwa ce. Wani Ba'amurke, C. G. Johnson, ya ƙago mai falle-falle da ke kwanciya a ƙarƙashin silin a 1921, ya ƙara mata injin lantarki a 1926. Irin wannan takan bukaci sarari na kusan santimita 30 tsakanin linta da rufi. Wadda muka fi sani a shagunan Kano kuwa ita ce mai naɗewa kamar tabarma, kuma lissafinta ya fi ban sha'awa.

Mai karatu ya ɗauka tsawon ƙofa santimita 250 ne, kaurin kowane zagaye na naɗin santimita 2. Idan aka dube ta daga gefe, filin da take ci shi ne 250 sau 2, wato 500. Naɗewa ba ta rage wannan fili, siffarsa kawai take sauyawa daga miƙaƙƙe zuwa zobe. To, idan gangar da ake naɗawa a kai faɗinta santimita 20 ne, wato fili 314, jimla ta zama 814, kuma da'irar da ke da wannan fili faɗinta ya kai santimita 32. Sai a ƙara ɗan sarari don kada ƙarfe ya goga, ga kuma maƙallan da ke riƙe da gangar, abin ya tasam ma 40. Abin mamaki, ko da an ninka tsawon ƙofar zuwa mita 5 saboda babbar mota, naɗin bai wuce santimita 41 ba, domin kowane zagaye na waje ya fi na ciki cin tsawo.

Ke nan awo biyu ne: tsayin da mota za ta bi, da sararin da ƙofa za ta kwanta. Magina da yawa sun saba zuba linta a mita 2.1, wato awon ƙofar ɗaki, sai su kai wannan sabo gareji. Ƙaramar mota za ta shige. Bas mai dogon rufi ba za ta shiga ba, balle a-kori-kurar da aka jibga wa buhunan masara daga gona. Idan kuma ba a bar sarari a sama ba, mai walda zai sauko da naɗin cikin bakin ƙofar, ya cinye abin da ya rage.

Daga ina ake fara awon? Daga saman daɓen da za a gama, ba daga turɓayar ranar aiki ba. Wanda ya ɗaga daɓe da santimita 15 don tsoron ruwan Agusta, ya rage tsayin ƙofarsa da santimita 15 ɗin. Haka kuma inda titi ya fi gida tudu, mota tana gangarowa ne bayanta a ɗage, sai ƙarshen rufinta ya taɓa lintar da a takarda ta ishe ta.

A auna a hagu da tsakiya da dama, a riƙe mafi ƙanƙanta. A sama ma, abin da ya fi saukowa shi ne iyaka, ko katakon rufi ne ko fanka ko bututun waya. Tiyon nan mai ruwa da magina ke riƙewa ya isa ya nuna ko kafaɗun biyu sun daidaita, saboda ruwa a baki biyu na tiyo ɗaya tsayi ɗaya yake tsayawa. Ganga idan ta karkace, naɗin yakan zame gefe guda ya cije a cikin layinsa, ƙofar ta tsaya rabi a buɗe.