Motar da ta ƙetaro teku, ta kasa zuwa Kano

A wani gida da ke gefen hanyar Kiyawa, a nan Dutse, akwai wata mota da ke kwance ƙarƙashin tampol tun ƙarshen shekarar 2022. Ta ɗan ƙanwata ce. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ya sha isasshiyar dariya a majalisar abokansa, amma ya yarje mini in ba da labarin. Kasonsa na gonar gado ya sayar, ya haɗa da abin da ya tara a harkar riɗi, ya sayi motar da ya daɗe yana mafarki. Ranar da ya kira ni in zo in sa albarka, cewa ya yi, "Kawu, duk Jigawa babu irinta." Ban musa masa ba. Abin da bai lura da shi ba a ranar shi ne, rashin irinta a Jigawa shi ne zai zame masa ciwon kai.

Bari in fara da yi wa motar adalci, domin ta cancanci yabo. Marsandi ce, samfurin C63 AMG, daga cikin 'yan ƙalilan da kamfanin ya fitar da sunan Edition 507 daga shekarar 2013. Lambar nan ta 507 ƙarfin injinta ce a ma'aunin ƙarfin doki. Injin mai silinda takwas ne, lita 6.2, kuma a masana'antar AMG da ke Affalterbach a Jamus mutum ɗaya ne ke haɗa kowane inji daga farko har ƙarshe, sannan ya liƙa ɗan allo mai ɗauke da sa hannunsa a kai. Daga tsaye, tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai, kuma sai a kilomita 280 na'urarta ke taka mata birki. Wanda ya taso a ƙasar da ake hawan sallah, ya ga yadda ake kashe wa ingarma dukiya don a yi sukuwar minti biyu a gaban sarki, bai kamata ya yi mamakin saurayin da ya ƙwallafa rai a kan irin wannan ƙarfe ba. Sha'awar ba laifi ba ce. Hanyar da aka bi aka biya ta ita ce abin dubawa.

A wayar salula ya fara ganin ta. Wani dillali a Kwatano ya turo masa hotuna da ɗan gajeren bidiyo na ƙarar salansa, ya ce daga Amurka ta sauka, ba ta taɓa haɗari ba, kuma zai kawo masa ita har ƙofar gida da takardu a farashin da bai kai na Legas ba. Cinikin biri a sama ke nan. Motar ta bar Kwatano a matsayin kayan da za su wuce Nijar, ta haye gadar Malanbil zuwa Gaya, ta bi ta Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi, ta karkata ta ɓangaren Magarya, sannan wani direba da ya san daji ya shigo da ita cikin dare ta burtalin da babu shinge. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Shekaru aru-aru tashar Kwatano na sauke motocin da a takarda na Nijar ne, alhali kowa ya san kasuwarsu tana Najeriya.

Sai dai tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da mota, sabuwa ko tsohuwa, ta kan iyakokin ƙasa. Ta tashar jiragen ruwa kaɗai aka yarda. Mutane da yawa a nan sun ruɗe a watan Disambar 2020, lokacin da aka sake buɗe iyakoki huɗu bayan rufewar da aka yi a watan Agustan 2019, kuma Maigatari na cikinsu tare da Seme da Illela da Mfum. Sun ɗauka komai ya koma yadda yake. A'a, an buɗe ƙofa ne ga mutane da halattattun kaya, haramcin mota yana nan daram. Ma'anar wannan a fili take: duk motar da ta shigo ta dajin Maigatari ko na Ɓaɓura, babu ofishin da zai ba ta takardar shigowa ta gaskiya a wurin. Takardar da dillali ya miƙo wa ɗan ƙanwata, da tambari da sa hannu da komai, da aka duba lambarta a kwamfuta sai aka tarar ta wata motar ce daban. Wani masani ya ba shi shawarar kada ya kuskura ya doshi Kwanar Huguma da ita, balle Wudil, domin shingen kwastam na farko da zai tsayar da shi nan za a raba su.

To me ya sa bai je ya biya abin da doka ta ce ba? Ya samu dama, kuma a nan ne labarin ya fi ba ni tausayi. A watan Maris na 2024 Hukumar Kwastam ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da suka shigo ba bisa ƙa'ida ba, su zo su biya haraji a wanke su. Amma lissafin ya riga ya sauya. A lokacin, tun daga 2022, harajin tsohuwar mota kashi 20 cikin 100 ne, da ƙarin kashi 15 na asusun bunƙasa ƙera motoci, ban da harajin kayayyaki na kashi 7.5 da sauran ƙananan caje-caje. A wannan shekarar ce kuma aka fara ƙiyasta darajar mota ta lambar shasinta, ba ta abin da mai ita ya ce ya saya ba. Duk wannan da dala ake auna shi. Kafin watan Yunin 2023, kwastam na lissafin dala a kan kimanin naira 422. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 lissafin ya haura naira 1,500. Mai karatu ya ƙaddara motar da aka yi wa kuɗi dala 30,000. Kashi 35 nata a tsohon lissafi bai kai naira miliyan huɗu da rabi ba. A sabon lissafi ya doshi miliyan 16. Kuɗin da yaron nan ya yi murnar ya tsira da su a 2022, sun ninka kusan sau huɗu suna jiran sa, ga shi gonar ta riga ta tafi.

Da ma a ce matsalar takarda ce kaɗai. Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da 'yan daloli kaɗan ana iya sayen tarihinta a intanet daga kamfanoni irin su Carfax. Sai bayan motar ta iso wani abokinsa ɗan jami'a ya sa lambar ya bincika. Hotunanta suka fito a filin gwanjon motocin inshora, da alamar laka har tsakiyar ƙofa. Ambaliya ce ta cinye ta, inshora ya biya mai ita, aka sayar da gangar jikin a matsayin wadda ba ta da sauran amfani a titin Amurka. Irin waɗannan motoci suna cika filayen gwanjo irin na Copart da IAA bayan kowace babbar guguwa, kamar Harvey da ta afka wa Texas a 2017 ko Ian da ta afka wa Florida a 2022, kuma Afirka ta Yamma na cikin manyan masu saye. Motar haɗari ana ganin tabonta. Motar ruwa kuwa a wanke ta, a fesa mata turare, ta yi ƙyalli kamar amarya, tsatsar tana can cikin wayoyi da ƙwaƙwalen kwamfuta tana cin su a hankali. Wata uku da isowarta fitilun gargaɗi suka fara kunna kansu ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka ina ce masa ya gode wa Allah, domin akwai abin da ya fi ruwa muni. Motocin alfarma da ake sacewa a Kanada ana loda su a kwantena ta tashar Montreal suna bayyana a kasuwannin Legas da Akara, har ta kai a 2024 Hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada wasu motoci da ta ƙwato a nan. Mai sayen irin wannan, ko da bai sani ba, ba mota kaɗai zai rasa ba, sai ya yi bayani.

Yanzu a ƙaddara mutum ya bi hanyar gaskiya tun farko: ya binciki lamba, ya yi odar ta jirgin ruwa zuwa Tin Can, ya nemi ejan mai lasisi, ya biya kowane kwabo. Nan ma sai ya lura da abu biyu. Na farko shekaru. Jerin kayan da aka haramta shigowa da su ya haɗa da motar da ta wuce wani adadi na shekaru daga ƙera ta, da 15 ne, daga baya aka rage zuwa 12. Motocin gudu kuwa waɗanda ake rububi yawanci sun tsufa, tsufan ne ma darajarsu. Abin dariya, dokar Amurka akasin tamu ce: motar da ba a ƙera don kasuwarsu ba sai ta cika shekara 25 kafin a bari ta shiga cikin sauƙi. Na biyu sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, kuma ƙa'idar hanya ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Samarin da suka ga Nissan Skyline GT-R a fina-finai suke mafarkin ta, su sani cewa samfurin R34 da aka ƙera daga 1999 zuwa 2002 da sitiyarin dama kaɗai ya fito. Masu juya sitiyari a gareji suna nan, amma motar da aka ƙera don gudun da ya haura kilomita 200, a ce an yanke an yi mata walda a sandar sitiyari da layin birki, ni dai ba zan shiga ba.

Sannan sai zaman gida, wanda shi ne dogon zance. Wannan inji fetur mai daraja 98 a ma'aunin oktan aka tsara masa, wanda gidajen manmu ke sayarwa bai kai nan ba. Kwamfutar motar za ta ji injin yana ƙwanƙwasa ta rage masa ƙarfi don kare shi, wato dokin da aka biya kuɗin 507 ba duka za a hau ba, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Dutse. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam ya lalata injuna a Legas da Abuja. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, cika tankin mota mai silinda takwas ya zama shawara ta iyali. Ƙirjinta a ƙasa yake, kowane tudun rage gudu a cikin gari sai an hau shi a karkace, in damina ta sauka kuma unguwannin da babu kwalta sun haramta gare ta. Tagwayen hanyar Kano zuwa Shuwarin kan yi wa direba kwaɗayi, amma dokar ƙasa kilomita 100 ta yarje wa ƙaramar mota a babban titi, kuma titin nan namu ne mu da shanu da masu acaɓa da yara masu tallar dabino.

Makanikan Dutse ba ragwaye ba ne. Sun riƙe Golf da Sharon da Corolla a kan titi shekaru bayan masu ƙera su sun yafe su. Amma wannan sai da na'urar binciken kamfanin, kuma abin da ya lalace ba lalle a same shi a Ƙofar Ruwa ko Ladipo ba, sai an yi odarsa da dala daga Jamus ko Dubai a zauna jira. A nan nake tuna Fijo 504. Ita ma ta yi gudu a idon duniya: ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, samfurinta mai ƙofa biyu da silinda shida ya sake lashewa a 1978. Amma a Kaduna aka riƙa haɗa ta daga 1975 kafin a daina, kuma babu garin da za ta mutu a rasa yaron da zai tashe ta da sifana biyu, daga Birnin Kudu har Gumel.

Ba zan sauke laifin duka a kan yaron ba. Gwamnati ma tana da tambayar amsawa. Mutumin Jigawa yana da iyaka a bayan ɗakinsa, da ofishin kwastam a Maigatari, da yankin ciniki maras haraji da aka kafa a garin tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, amma doka ta ce sai ya tafi Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ya bi layin tashar da cunkosonta ya yi suna. Haramcin 2017 bai hana motoci shigowa ba, ya dai mayar da su burtali, ya mayar da kuɗin da zai shiga baitulmali aljihun 'yan fito da masu buga takardun jabu. A ganina, tunda yanzu ana gane darajar kowace mota da tarihinta ta lambar shasi, babu abin da zai hana a ware iyaka ɗaya ko biyu a Arewa, a sa kwamfuta, a karɓi haraji a fili. Ya kamata kuma a ware rukuni na musamman ga tsofaffin motocin tarihi, da harajinsu da sharuɗɗansu, maimakon a haɗa su a kwando ɗaya da kwarakwatsan da ake jibgo mana. Hanyar Nijar ɗin ma ta rikice tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka toshe gadar Malanbil, saboda haka duk dillalin da ya yi alkawarin kawo mota ta can cikin mako biyu a tambaye shi ta ina.

Makon jiya na leƙa gidan. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan yaye tampol, ya tayar da injin na minti goma don kada batir ya mutu. Yaran unguwa sun san lokacin, sukan taru a bakin ƙofa su toshe kunne suna dariya. Masu saye biyu sun zo daga Kano, duk sun tambayi takarda sun juya. Na uku ya ce injin kaɗai yake so, zai ciro shi ya bar masa gangar jikin. Na tambaye shi ko zai sallama. Ya daɗe yana kallon ɗan allon nan mai sa hannun Bajamushe, sannan ya ce, "Kawu, bari dai a ga bayan kaka." Wanda ya sayi gonar kuwa, an ce mini bana ma riɗi ya shuka.