Awon Damtse da Kwanon Kunu: 'Yan Katolika da Tsaron Rai a Ƙasar Damagaram

Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Daura, ya tsallaka iyaka ya shiga Ɗan Barto, ba zai jima ba sai ga shi a Matamaye. Ƙasa ce mai fadama. Da rake aka fi saninta, ga rogo, ga kayan lambu na rani. Baƙon da ya ga motoci suna fita shaƙe da rake zai ɗauka yunwa ba ta san hanyar garin ba. Amma jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ke yanka ta gunduwa-gunduwa, kuma hatsin da aka zuba a rumbu sau da yawa ba ya kaiwa damina. Wannan matsi ne ya sa matan yankin Kance, wanda Matamaye ce babban garinsa, suka riƙa goya yara suna nufar Aljeriya neman sadaka da aikatau. A watan Oktoba na 2013 motocin da suka kwashi wasu daga cikinsu suka lalace a hamada gaba da Arlit. Ƙishirwa ta kashe mutum 92, kuma 52 daga cikinsu yara ne.

A irin wannan ƙasa ce 'yan Katolika ke ƙoƙarin cika abin da addininsu ya ɗora musu game da rai. Ba su da yawa. Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba, 'yan Katolika kuwa wani yanki ne na wannan ɗan adadi. Jihar Damagaram tana ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, wanda aka kafa a 2001, Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina Faso ya zama bishop ɗinsa na farko. Faɗinsa ya haɗa har da Tawa, Agadas da Difa, wato mafi yawan ƙasar Nijar, amma masu ibada a cikinsa 'yan dubbai ne. Da yawansu asalinsu Benin ne ko Togo ko Burkina ko kudancin Najeriya, malaman makaranta, makanikai, masu shaguna, ma'aikatan gwamnati, waɗanda 'ya'yansu a nan aka haife su, Hausar Damagaram ce a bakinsu. Limaminsu "mon per" ake ce masa a wannan tsallake, "fada" a tsallaken Daura. Matan da suka yi alkawarin barin aure don ibada da hidima kuwa "ma ser" ne a nan, "sista" a can.

Jama'a 'yar kaɗan a tsakiyar Musulmi ba ta da bakin wa'azi a kasuwa, ta kuma san haka. Abin da ya rage mata shi ne hannu. Cocin Katolika na koya wa yaro tun yana ajin katikizim, wato koyon addini, ayyukan jinƙai guda bakwai da suka shafi jiki: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar sutura, saukar baƙo, duba marar lafiya, ziyarar ɗan kurkuku, da binne mamaci. Bahaushe da ya ji wannan jeri ba zai ji baƙon abu ba, kusan duk abin da uwarsa ta hore shi da shi ne. Abin da ya bambanta shi ne yadda suka ɗaure waɗannan ayyuka da kwanakin shekara, ta yadda ko mai rowa sai kalanda ta taɓa masa aljihu.

Babban lokacin shi ne azuminsu na kwana arba'in kafin Ista. Yana farawa da Larabar Toka, ranar da liman ke shafa wa kowa toka a goshi don ya tuna daga ƙasa ya fito, can kuma zai koma. Azumin nasu ba kame baki ba ne daga asuba zuwa magariba. Rage ci ne, da barin nama ranar Juma'a, da barin wani abin da rai ke so. Sharaɗin da malamansu ke nanatawa shi ne abin da ka hana cikinka kada ya koma aljihunka, na matalauci ne. A 2025 azumin biyu suka haɗu: watan Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga wata. Maƙwabta biyu, gida na jingine da gida, kowa da irin yunwarsa da irin sadakarsa. Da ma can an saba, naman layya na ƙetara katanga ya shiga gidan Kirista, shinkafar Kirsimeti ta ƙetaro ta dawo.

Akwai ranar marasa lafiya, 11 ga Fabrairu, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya kafa. Akwai ranar kutare, Lahadin ƙarshe ta Janairu, wadda wani Bafaranshe ɗan Katolika, Raoul Follereau, ya assasa a 1954. Wannan ta biyun tana da nauyi a Zandar, babban birnin Damagaram, garin da ke da unguwar Kara-Kara, inda tun da daɗewa aka ware kutare da iyalansu, har sunan unguwar ya zama tabo a jikin wanda aka haifa cikinta. Ranar 2 ga Nuwamba kuma ta matattu ce, a je makabarta a yi shara a yi addu'a.

Amma ranar da ta fi bayyana tunaninsu game da rai ita ce 25 ga Maris. Ranar ce suke tunawa da bushara da mala'ika Jibrilu ya yi wa Maryamu, kuma in ka ƙirga wata tara daga nan za ka faɗa daidai kan Kirsimeti. Wato lissafinsu daga shigar ciki yake farawa. A wannan rana ce a 1995 John Paul na Biyu ya fitar da wasiƙarsa Evangelium Vitae, wadda ta tattara koyarwar cocin cewa ran ɗan Adam abin tsarewa ne tun daga ɗaukar ciki har mutuwar da Allah ya kawo. Zubar da ciki haramun ne a wurinsu, haka ma gaggauta wa tsoho ko majinyaci mutuwa.

A Amurka da Turai wannan koyarwa ta zama jerin gwano da alluna da shari'a a kotu. A Matamaye wa za ka yi wa jerin gwano? Limamin Juma'a da mai gari da ungozoma duk bakinsu ɗaya da mon per a kan zubar da ciki, dokar ƙasa ma ta hana shi sai a wasu larurori ƙalilan, kamar in ran uwa na cikin haɗari. Bahaushe cewa yake haihuwa maganin mutuwa. Abin da ke cin rai a nan yana zuwa ne bayan an yi guɗa, an yanka ragon suna, mai jego ta gama wankan arba'in. Yana zuwa da zazzaɓin cizon sauro na damina, da gudawa, da tamowa a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Don haka wanda ya ce yana kare rai a ƙasar Kance, a gwada maganarsa da ɗan zaren awo mai launi uku da ake naɗa wa yaro a damtse. Kore, lafiya lau. Rawaya, a yi hattara. Ja, wato kaurin damtse bai kai milimita 115 ba, a ruga likita.

Yunwar 2005 ce ta sa wannan zare ya zama sananne a ƙauyuka, tare da ƙullin gyaɗa da madara mai suna Plumpy'Nut. A shekarar ce kuma cocin Nijar ya haɗe hukumominsa na agaji da na raya karkara suka zama Caritas Développement Niger, wadda aka fi kira CADEV. Daga waje kuma akwai Catholic Relief Services, hukumar agaji ta bishop-bishop ɗin Amurka, wadda aka kafa a 1943. Daga 2012 ta gudanar da wani shiri na shekaru a yankunan Kance da Mayahi da kuɗin gwamnatin Amurka, sunansa PASAM-TAI, kuma haruffa ukun ƙarshe Hausa ce tsantsa: Tanadin Abincin Iyali. Bayansa wani shirin mai suna Girma ya biyo baya a Magarya da Dungas. Kusan duk waɗanda suka amfana Musulmi ne, haka ma mafi yawan ma'aikatan da ke hawa babur suna shiga ƙauyuka.

Aikin ba shi da ƙyalƙyali. A zaɓi uwa ɗaya mai hankali a unguwa a koya mata, ita kuma ta bi gida-gida tana koya wa 'yan uwanta: a ba jariri dakashi kada a matse a zubar, nono zalla har wata shida ba ruwa ba rubutu ba jiƙo, a ƙara wa kunu ƙuli-ƙuli ko wake ko garin zogale, a wanke hannu, mai ciki ta je awo. A haɗa mata ashirin ko fiye su riƙa zubi duk mako cikin akwati mai kwaɗo, su ranta wa junansu, a ware ɗan wani abu don ranar da ciwo ya faɗo da dare. Adashe ne da aka yi wa littafi. Na fi ganin darajar wannan akwati a kan buhun shinkafar da ake rabawa a ɗauki hoto, domin matar da ke da jarin ƙosai ko na man gyaɗa ba ta saurin amsa kiran mai motar Arlit.

Akwai wurin da 'yan Katolika suka rabu da sauran masu agaji, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Tun wasiƙar Humanae Vitae ta Fafaroma Paul na Shida a 1968 cocin bai yarda da ƙwaya ko allurar hana ɗaukar ciki ba, hukumominsa ba sa raba su. Suna koyar da tazarar haihuwa ta hanyar ƙirgen kwanaki da shayarwa. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya fiye da bakwai, likitoci da yawa na ganin wannan bai wadatar ba, kuma ƙorafinsu yana da tushe: ƙirgen kwanaki sai da haɗin kan miji, ba kowace mace ce ke da ta cewa a ɗakinta ba. Sai dai koyarwar ta faɗo kan wata tsohuwar al'ada tamu. Kakanninmu sun ƙi kwanika, wato mace ta yi ciki tana goyo, har gori ake yi mata. Shekara biyu ake shayarwa kafin yaye, sau da yawa mai jego a gidan iyayenta take wanka. Wannan tazara ta raya yara da yawa kafin a san sunan wata ƙwaya.

Wadda ta fi kowa fahimtar inda gizo ke saƙa, a ganina, ita ce Uwa Marie-Catherine Kingbo. Daga Senegal ta zo, bayan ta shugabanci wata ƙungiyar masu hidima a can, ta kafa tata a Maraɗi a 2006, Fraternité des Servantes du Christ. Ta buɗe wurin ciyar da yara masu tamowa da mata masu ciki a Ɗan Bako, da makaranta a Tibiri. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tarukan da take kira. Tana tara masu gari da limamai da mata da samari daga ƙauyuka, a zauna a yi maganar aurar da yarinya kafin ƙugunta ya yi ƙwari, a faɗi sunan yoyon fitsari a fili, a faɗi doguwar naƙudar da ke tafiya da uwa da ɗa. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ke aure kafin shekara 18, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma baƙuwa ce, Kirista, marar miji, take faɗa wa dattawa ita. Sun saurare ta domin sun riga sun ga jikokinsu sun tashi daga tabarma da kununta. Ta rasu a 2021.

Zargi bai taɓa ƙarewa ba. Akwai masu cewa kunun ƙugiya ce, a ci a bar addini. Shekaru da dama na makarantun mishan da ɗakunan shan magani ba su mai da Damagaram Kirista ba, iyaye Musulmi kuma su ne ke cika waɗannan makarantu da 'ya'yansu. Duk da haka wutar ta taɓa kamawa. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, kan fushin zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, masu zanga-zanga suka ƙona coci-coci a Zandar, har da mishan ɗin Katolika da makarantar ma ser. Washegari abin ya koma Yamai. Mutum goma suka mutu a garuruwan biyu. Ɗaruruwan Kiristocin Zandar a barikin soja suka kwana, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a ɗaka. Mutanen da ba su zana komai ba, ba su ma taɓa ganin jaridar ba, su aka ƙone wa azuzuwa, kuma yawancin yaran da suka rasa wurin karatu Musulmi ne. Bishop-bishop ɗin ƙasar suka fitar da saƙo suna jaddada zumuncinsu da al'ummar Musulmi. Aka share toka, aka sake buɗe makarantu.

Yanzu wata jarrabawar ce ta zo. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, kuɗin da manyan shirye-shirye ke tafiya da su ya ragu ƙwarai, motoci masu tambari sun yi ƙaranci a hanyoyin karkara. Kwandon baiko na ranar Lahadi a cocin da bai cika ba ba zai maye gurbin wannan ba. Abin da ya saura a ƙauyukan Kance shi ne abin da ya riga ya shiga hannun mata: akwatin zubi da ake buɗewa a gindin bishiya, da garin zogale a kunun yaye, da uwar da ta iya naɗa zaren awo a damtsen ɗan maƙwabciyarta, ta ga ja, ta ce mata ɗauki mayafinki mu tafi.