Dattijon Ɗan Mishan a Kwanakin Kulle

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annobar duniya. Ranar 23 ga watan Najeriya ta dakatar da jiragen ƙasashen waje, sai 5 ga Satumba suka dawo. Ɗan mishan da muka aika wata ƙasa ya maƙale can, in ya haura shekara 60 kuwa yana cikin waɗanda cutar ta fi kashewa.

Mu duba yininsa. Aikin dattijo a ƙafa yake: gaisuwa, dubiya, zaman makoki. Duk suka tsaya. Da asuba addu'a shi da uwargida, da hantsi kiran masu bi ɗaya-ɗaya a waya, da yamma lissafin cefane, domin baiko ya ragu a ikkilisiyoyinmu na gida, tallafinsa ma haka.

Mukan kwatanta shi da Manzo Bulus, da ya yi shekara 2 tsare a gidan haya a Roma (Ayyukan Manzanni 28:30). Kwatancin bai cika ba: Bulus ana shigowa wurinsa. Dattijonmu kuwa dole ya aiki wani ya tsaya bakin kabari a madadinsa, sau da yawa saurayin da jiya yake cewa bai isa ba tukuna.