Kafin ka zagi ciyaman a Facebook, ka taɓa rubuta masa takarda?

Da damina ta kankama, hotuna iri ɗaya ke yawo a Facebook da X: kwalbatin da ya rufta, ajin firamaren da iska ta yaye wa kwano, asibitin unguwa da babu ko Panadol. Mu yi ta Allah wadai a kwament, bayan kwana biyu wani rikicin TikTok ya taso, shi kenan an wuce wurin. Shugabannin nan sun san halinmu sarai, shi ya sa ko gezau ba sa yi.

Alhali akwai wata dama da doka ta ba ka, wadda da yawanmu ba mu taɓa gwadawa ba. Ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka fi sani da FOI, da tsohon Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Dokar ta ce kana da ikon neman bayani daga ma'aikata ko hukumar gwamnati, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Dole su amsa cikin kwana 7, sai dai a wasu lokutan su ƙara wasu 7. Idan sun ƙi, wajibi ne su rubuto maka hujjarsu, kai kuma kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000. Abin da dokar ta keɓe shi ne irin su sirrin tsaro da bayanan rayuwar mutum.

Me ya sa maganar ta taso yanzu? Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatarwar na tafiyar hawainiya, gaskiya ne. Amma ko kuɗin sun iso kai tsaye, in babu mai tambaya, ɓarnar ce kawai za ta sauya adireshi daga gidan gwamnati zuwa sakatariya.

To, ya ake yi? Kar ka rubuta “ina kuɗinmu?”, domin amsar da za ka samu ita ma haka za ta zo, ba kai ba gindi. Zaɓi aiki ɗaya, misali rijiyar burtsatsen mazaɓarku. Tambayi nawa aka ware mata, a kasafin wace shekara, wane ɗan kwangila aka bai wa, nawa aka biya shi zuwa yau. Ka ambaci dokar FOI ta 2011 a saman takardar. Yi kwafi biyu, ka kai ofishin, ka tabbatar an buga wa naka hatimi da kwanan wata. Wannan kwafin shi ne shaidarka. Sai ka ɗora hotonsa a shafinka, ka fara ƙirga kwanaki a bainar jama'a.

Kar ka ɗauka abin zai zo da sauƙi. Wani ofishin zai yi shiru, wani ya ce oga ba ya nan, a dawo gobe. Shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu da 'yan majalisarku ta shayi, ƙungiyar ɗaliban garinku, 'yan mata da samari, ku sa hannu tare, ku nemi lauya ɗan unguwa ya duba muku.

Kwament ɗinka zai ɓace cikin dubunnai kafin magariba, amma takarda mai hatimi tana nan a fayil, kuma alƙali zai iya tambayar inda aka kwana a kanta. A makon nan, ku zaɓi aiki ɗaya a unguwarku ku rubuta.